Yaɗuwar Kansa Zuwa Hanta da Haɗarin Taruwar Magani a Jini

Hanta ce ke sarrafa da yawa daga magungunan kemoterafi, wato masu kashe ƙwayoyin kansa, sannan ta zubar da ragowarsu ta ruwan matsarmama. Idan kansar hanji ko ta mama ta yaɗu zuwa hanta har ta toshe magudanan wannan ruwa, magunguna irin su doxorubicin da docetaxel sukan daɗe a jini, su karya fararen ƙwayoyin jini masu kare jiki. Likitoci kan auna bilirubin, sinadarin da ke jawo ciwon shawara, kuma idan ya kai miligiram 1.2 zuwa 3 a kowace desilita ta jini, sukan rage doxorubicin da rabi. Wajibi ne a gwada hanta kafin kowane zagayen magani.