Jawabi A Kan Alƙalin Wasan Kurket Da Haɗarin Tsayuwarsa

 Wannan jawabi na tunawa ne da wani alƙali, amma ba alƙalin da ke zaune a kan buzu da littattafai a gabansa ba. Alƙalin wasan kurket ne, wasan nan na Ingilishi da aka koya wa samari a Kwalejin Katsina tun zamanin Turawa. Sunansa Hillel Oscar, mutumin ƙasar Isra'ila, ya rasu ran 29 ga Nuwamba, 1 ga ƙarshen wata ke nan saura, a shekarar 2014, yana tsaye a bakin aikinsa.

Kafin a faɗi yadda abin ya auku, ya kamata a san inda alƙalin nan ya ke tsayawa. A tsakiyar fili akwai wani fage mai tsawon yadi 22, an kafa turaku uku a kowane gefe. Mai jifa ya kan sheƙo da gudu daga wannan gefe ya jefa ƙwallo, mai bugu kuwa yana can gefen yana jira da kulki mai faɗi. Ƙwallon nan ba ta ba da tsoro a ido, nauyinta oza 5 da rabi ne ko ɗan fiye, amma cikinta ɓawon itace ne da aka naɗe da zare tamau, aka rufe da fata, ta yi tauri kamar dutse. Gwanayen jifa su kan tura ta da saurin mil 90 a sa'a. Mai bugu ya sha lifidi a ƙafafu da hannuwa, ga kwalkwali a kansa. Alƙali fa? Yana bayan turakun mai jifa, ya miƙe sosai da bakin kulkin, ba shi da kome sai malafa da riga. In aka mayar da ƙwallon ta inda ta fito, abin da ke gare shi na kaucewa bai fi rabin daƙiƙa ba. Kuma aikinsa ya hana shi kau da ido, domin shi zai yanke hukunci.

To, haka Hillel ya tsaya ran nan a garin Ashdod. Mai bugu ya kai wa ƙwallo duka mai ƙarfi, ta taho ta bugi turakun da ke gabansa, ta karkace, ta same shi wajen muƙamuƙi. Aka kai shi asibiti, rai ya yi halinsa. Shekarunsa 55. Ba baƙon wasan ba ne balle a ce rashin sani ya ja masa, gama dā can shi ne shugaban 'yan wasan ƙasarsa. Ƙwallon da ta sāke hanya a tsakanin taki biyu ba ta san gwani ba. Allah ya ba iyalinsa haƙuri.

Kwana biyu kafin wannan, watau ran 27 ga wata, wani saurayi ɗan wasan Ostiraliya, Phillip Hughes, mai shekara 25, ya rasu a birnin Sidni, bayan ƙwallo ta same shi a wuya. Duniyar kurket duka ta yi makokinsa. Mutane a ƙasashe da yawa suka riƙa jingine kulakensu a ƙofar gida, su ɗora hula a kai, alamar ta'aziyya. Ya cancanci haka, ba shakka. Sai dai kukan nan ya rufe labarin Ashdod, kamar yadda tambarin sarki ya kan danne kalangu. Haka rabon alƙali ya ke: in ya yi daidai ba a ambatonsa.

Ba shi ne na farko ba, ba kuwa na ƙarshe ba. A 2009, a garin Suwansi na ƙasar Welis, wani dattijon alƙali mai shekara 72 ya rasu da jifar da wani mai tsaron fili ya yi ta same shi a ka. A 2019, a ƙasar nan dai, wani mai shekara 80 ya yi jinyar kimanin wata guda bayan irin wannan bugu, sa'an nan ya cika. Akasarin masu alƙalancin ƙananan wasanni dattawa ne da suka bar buga wasa, suna yi don son abin, ga shi kuwa jiki ya daina zafin nama.

Al'adar 'yan kurket in ɗan'uwa ya rasu ita ce a yi shiru na minti guda kafin wasa, a ɗaura baƙin ƙyalle a damtse. Amma waɗansu alƙalai sun ƙara da abin da ya fi wannan wuya, watau suka yarda a yi musu kallon matsorata. A watan Disamba 1915 ba a san wannan ba. A watan Disamba 2015 ne John Ward na Ostiraliya ya sha bugu a ka yana alƙalanci a Indiya, ya tsira. Abokin tsayuwarsa ran nan, Pashchim Pathak, bai daɗe ba ya fito fili da kwalkwali. A ƙarshen watan Gerard Abood ya yi haka a Ostiraliya. Ward kansa, da ya warke, ya sa nasa a watan Janairu 2016 a Kanbera, a wasan Ostiraliya da Indiya, shi ne ya fara a wasan ƙasa da ƙasa. Bruce Oxenford kuwa wata dabara ya yi a shekaran nan: ya ɗaura garkuwa ta roba mai ƙarfi, wadda a ke gani ta cikinta, a hannunsa na hagun.

Masu ƙin kwalkwali suna da hujja, kada a raina ta. Alƙali da kunne ya ke aiki kamar yadda ya ke yi da ido, don sau da yawa ɗan ƙaran da ƙwallo ta yi a gefen kulki shi ne shaida kaɗai. Kwalkwali yana rage ji, yana tsare gefen ido, ga nauyi da zafi ga mutumin da zai yi sa'a shida a rana. Duk da haka wannan hujja ta gyaran ƙira ce, ba ta barin kai tsirara ba.

A 2017 ƙungiyar Marilibon ta Landan, mai riƙe da dokokin wasan, ta iyakance kaurin kulki: milimita 67 a tsakiya, 40 a gefe. Kwalkwali kuwa an bar wa kowane alƙali zaɓinsa, mafi yawansu kuma da malafa su ke fitowa.