Yarinyar da Al'ada Ba Ta Zo Mata Ba: A Ɗauki Hoto Tukuna



Maganata yau a kan yarinyar da ta kai shekara 15, ƙirjinta ya cika, amma ba ta taɓa ganin jinin al'ada ba. Wata kuma kowane wata mara ke murɗa mata, cikinta yana tasowa, har a soma zarginta da abin da ba ta aikata ba.

Sau da yawa abin halitta ne tun daga cikin uwa. Mahaifa tana samuwa daga bututu biyu da ke haɗewa a watannin farko na ciki. Idan samuwar bututun ko haɗinsu bai kammala ba, sai a haifi yarinya da mahaifa biyu, ko mai shamaki a tsakiya, ko babu mahaifar sam. Wannan na ƙarshe, da likitoci ke kira MRKH, yana samun kusan mace ɗaya cikin 4,500. Akwai kuma wadda mahaifarta lafiya lau, tantanin budurci ne ya toshe hanya, jini yana taruwa a ciki. Ƙaramar tiyata ke warware nata.

Ido ba ya rarrabe waɗannan, sai hoto. Matakin farko shi ne sikanin, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira eko. A kan mara ake ɗora na'urar, mafitsara cike, ba a saka wa budurwa komai a gaba. Ku roƙi mai hoton ya duba ƙoda, domin ƙoda da mahaifa tare suke tasowa, kuma ana yawan samun ƙoda ɗaya ta ɓata. Idan sikanin bai bayyana lamarin ba, sai MRI a babban asibiti.

Abin da ya fi damuna shi ne a ce "ba hanya", a kira wanzami ya yi yankan gishiri. Inda hanyar ba ta cika ba, tsoka siririya ce kawai tsakanin mafitsara da dubura. Askar tana iya faɗawa mafitsara, yarinyar ta koma gida da yoyon fitsari.

Duk wadda za ta tsallaka iyaka neman magani ta tafi da hotunan kansu. Takardar sakamako tana iya zuwa da Faransanci ko Turanci, amma hoton kowane likitan mata zai iya karanta shi.