Wuƙar Matafiyi da Yadda A Ke Zaɓenta

  Abin da za mu yi magana a kansa yau ƙaramin abu ne ga ido, babu gidan da ba shi. Wuƙa ke nan. Wadda na ke nufi ita ce wuƙar da namiji ke ɗauka in tafiya ta kama shi, ko zai kwana gona mai nisa, ko zai bi shanu mashekari, ko zai kora dabbobi zuwa Maigatari domin cin kasuwar Alhamis. Mutumin da dare ya yi masa a daji, in yana da wuƙa ta kirki, ya iya yin bukka, ya hura wuta, ya gyara abincinsa. In ba shi da ita kuwa, ko da kuɗi a aljihunsa, sai ya kwana cikin wahala.

Bari in fara ba ku labarin abin da ya same ni, don kada ya sami waninku.

Wata shekara da damina na raka ƙanena wata gona tasa a fadama, wajen Jahun, muka yi shirin kwana uku. Muna tafe da wani rago da ya saya don layya. Kafin mu tashi na shiga kasuwa na ga wata wuƙa a shimfiɗar wani ɗan koli, fara fat, tana ƙyalli, ƙotarta da zane ja da kore. Kuɗinta bai kai rabin na wuƙar maƙera ba. Na biya ina murna, ina cewa na yi ciniki. A dare na biyu aka yi hadari, ragon ya firgita da tsawa, ya yi ta kewaya turke har igiya ta shaƙe shi. Muka fito da fitila muka tarar idanunsa sun firfito. Na zaro wuƙata na sa wa igiyar, ga ta jiƙe sharkaf, na danna da ƙarfi, sai ruwan wuƙar ya fita daga ƙota ya faɗi cikin taɓo. Kafin mu lalubo shi rago ya cika. Ba mu cece shi ba, ba mu kuwa sami yanka shi ba, ya tafi mushe. Da gari ya waye wani makiyayi ya zo wucewa, ya ji labari, ya zaro wata baƙar wuƙa tasa marar kyan gani, ya ja ta sau ɗaya a kan igiyar nan, ta rabu biyu. Bai ce mini kome ba sai, "Malam, araha ba ta ado." Tun ran nan na shiga tambayar maƙera da dukawa da mafarauta, abin da na koya kuwa shi zan gaya muku.

Abu na fari, siffarta. Wuƙa iri biyu ce. Akwai mai naɗewa, wadda a ke sawa cikin aljihu, akwai kuma miƙaƙƙiya mai kube. Mai naɗewa tana da amfani wajen fere rake da gyaran alƙalami, amma ƙarfinta duka yana kan ƙusa guda ɗaya, wurin da ta ke lanƙwasawa. In aiki ya yi tsanani nan ta ke karyewa, wani lokaci kuma ta rufe a kan yatsun mai ita. Ƙasa da jini su kan shige cikin ramin, wanki ba ya fid da su sosai. Saboda haka mai shiga daji miƙaƙƙiya ya kamata ya nema.

Abu na biyu, kuma shi ne babba, wutsiyar ƙarfe. Ruwan wuƙa, watau ƙarfen da ke yanka, yana da wutsiya wadda ta shige cikin ƙota. A wuƙar banza wutsiyar nan ba ta wuce gaɓar yatsa ba, an soka ta kawai an liƙe da danƙo. Irinta ce ta kunyata ni. A wuƙar ƙwarai kuwa ƙarfe ɗaya ne tun daga tsini har ƙarshen ƙota. Ko dai ka ga ƙarfen a tsakanin itace biyu an ɗaure su da ƙusoshi, ko kuwa ka juya gindin ƙota ka ga kan wutsiyar ya ɓullo an daddale shi. In ba ka ga ɗayan biyun nan ba, ka tambayi mai sayarwa iyakar inda ƙarfen ya tsaya. In ya kasa faɗa maka, ajiye masa abarsa.

Abu na uku, irin ƙarfen. Kakanninmu da tama su ke narkewa su fid da ƙarfe. Yanzu maƙeranmu na Dutse da Kiyawa da Birnin Kudu da sauran garuruwa tsofaffin ƙarafa su ke saye, ba kuwa duka ne ke yin wuƙa ba. Ƙarfen ganga da rodin gini suna da taushi, ko an wasa su ba su riƙe kaifi. Wanda ya fi shi ne sifirin mota, da tsohon magagari. Dalili kuwa, a cikin irin wannan ƙarfe akwai ɗan sinadarin gawayi, a sifirin bai ma kai kashi 1 cikin 100 ba, amma shi ke sa ƙarfe ya yi tauri in an gasa shi ya yi ja aka tsoma cikin ruwa ko mai. Maƙerin da ya san aikinsa ba ya tsayawa nan. Ƙarfen da aka tsoma ya kan yi tauri ƙwarai har ya zama mai saurin fashewa kamar kwalba, don haka sai ya sake ɗumama shi sannu a hankali, har launinsa ya koma kamar na busasshen kara. Sa'an nan ne wuƙa ke samun kaifi da jimiri gaba ɗaya. Maƙera sun fi son gawayin ƙirya wajen wannan aiki, domin wutarsa tana da zafi, tana kuma daɗewa.

Akwai kuma farin ƙarfe wanda ba ya tsatsa. Wani Bature, Harry Brearley, shi ya gano yadda a ke yinsa a birnin Sheffield na ƙasar Ingila cikin 1913. Ana gauraya ƙarfe da wani ma'adini, kuromiyam, fiye da kashi 10 cikin 100, shi ke hana tsatsa kama shi. Mai kyau daga cikin irin wannan yana da amfani ga masunta da masu aikin fadama, waɗanda kullum hannunsu ke cikin ruwa. Amma ku yi hankali, yawancin fararen wuƙaƙe masu araha da ke cika kasuwa ƙarfensu taushi gare shi, ƙyalli ne kawai. Baƙar wuƙa tana tsatsa in an ƙyale ta, amma ta fi sauƙin wasawa a kan kowane dutse. Tana da wata fa'ida kuma: in ashana ta jiƙe, mai baƙar wuƙa mai tauri ya iya buga bayanta a kan ƙanƙara kamar ƙyastu, tartsatsi ya kama abduga. Fara ba ta yin haka.

Kada wani ya zaci wuƙar kirki sai mai kuɗi. A ƙasar Suwidin akwai wani gari, Mora, inda a ke ƙera wuƙaƙe a masana'anta tun 1891. Masu yawon daji na ƙasashe da yawa suna yabonsu, alhali suna cikin mafiya araha a can, ba su da wani ado, tsawonsu kuwa kaɗan ne. Abin da ya sa su suna shi ne ƙarfe mai kyau da ƙota mai daɗin riƙo. Waɗannan biyu kuwa maƙerin garinku ya iya ba ku su, ba sai an haye teku ba.

Abu na huɗu, girmanta. Samari su kan so doguwar wuƙa mai ban tsoro, ga tsini, ga haƙora a baya kamar zarto. Wannan ta nuni ce. Aikin da matafiyi ke yi da wuƙa yawancinsa ƙanana ne: yanke igiya, fiƙe turke, ɓare bawon kalgo don ɗauri, yankan kaza, feɗe akuya, gyaran kifi, cire ƙaya. Ruwan wuƙa mai tsawon inci 4 zuwa 5, watau ya ɗan ɗara faɗin tafin hannu, ya isa duk wannan. Kaurin bayanta ya yi kamar na tsinken ashana ko ya fi kaɗan. Sara itace aikin gatari ne da adda, wanda ya sa wuƙa aikin gatari shi zai karya ta.

Abu na biyar, ƙota da kube. Ka riƙe ƙotar ka ji ta cika maka hannu. Kada ta zama mai santsi, gama ranar da za ka fi bukatarta hannunka yana jiƙe da ruwa ko jini ko gumi. Itacen marke ko aduwa ya yi, ƙaho ma ya yi in an yi masa tsaga-tsaga. Ya kyautu a sami ɗan tudu tsakanin ƙota da kaifi, don kada hannu ya zame gaba. Kube kuwa rabin wuƙa ne. Ka kai wa baduku ya ɗinka maka na fata mai kauri, ya sa wata tsiririyar fata a wajen da kaifi ke kwanciya don kada ya yanke ɗinki. Ka sa wuƙar ciki ka kifar da kuben ka girgiza. In ta faɗo, bai yi ba.

To, yanzu ga ka a kasuwar Shuwarin, ko Sara, ko Gujungu, ga wuƙaƙe a shimfiɗe. Hausawa sun ce sai an gwada a kan san na ƙwarai. Ka yi gwaji huɗu kafin ka fid da kuɗi. Ɗaya, riƙe ruwan da tsumma ka murɗa ƙota, in ta motsa ko kaɗan, bar ta. Biyu, ɗaga ta sama wajen haske ka dubi bayanta ka ga ko ta miƙe, ka duba kuma ko da tsaga a jikinta. Uku, roƙi maƙerin ya goga magagari a bakin kaifi. In magagarin ya ci ƙarfen da sauƙi kamar yana cin itace, ba ta sha wuta da ruwa yadda ya kamata ba, in kuwa yana zamewa yana ci da ƙyar, ta yi tauri. Huɗu, fiƙe busasshen itace da ita sau goma, sa'an nan ka dubi kaifin. In ya kwanta, taushi ya yi mata yawa. In ya yi giɓi, tauri ya yi yawa. In yana nan yadda ya ke har ya yanka takarda, ka biya ba da jayayya mai yawa ba. Maƙerin da ya amince da aikinsa ba ya ƙin gwaji. Ya fi kyau kuma ka saya wurin wanda ka san maƙerarsa, domin in wani abu ya ɓaci ka san inda za ka koma. Wuƙar da ka saya sau ɗaya ta shekara goma a hannunka ita ce mai araha, ko da ranar saye ta fi ta ɗan koli kuɗi ninki biyu.

In ka saya, saura riƙo. Ka wasa ta tun kana gida, gama ba a fafe gora ranar tafiya. Ka jiƙa dutse, ka kwantar da ruwan wuƙar, ka ɗan ɗaga bayanta kaɗan, ka riƙa ja daidai wa daida a kowane gefe, kāna ka goga ta a kan fata. Bayan kowane aiki a wanke, a share ta bushe, a shafa mata ɗan man gyaɗa. Kada a bar ta cikin jiƙaƙƙen kube. Kada a haƙa rami da ita, kada a buɗe gwangwani da tsininta. Malamai ma sun hore mu da wasa wuƙa kafin yanka, don kada a wahal da dabba. Dasasshiyar wuƙa ta fi mai kaifi yanke mai ita, domin sai an danna da ƙarfi, in ta kuɓuce kuwa jiki ta ke samu. In kana fiƙe abu, ka tura kaifi waje, nesa da cinyarka.

Akwai gargaɗi uku da zan rufe da su. Na ɗaya, in maciji ya sari mutum a daji, kada a tsaga wurin da wuƙa. Da can haka a ke yi, amma likitoci sun tabbatar tsagar ba ta fid da dafi, sai ƙarin zubar jini da ruɓar rauni. A kwantar da mutumin, a hana gaɓar motsi, a gaggauta kai shi asibiti. Na biyu, in ka yanke da wuƙar da ta taɓa ƙasa ko kashin dabbobi, ka wanke da sabulu da ruwa mai tsabta, ka je a yi maka allurar rigakafin ciwon sarƙewar haƙora, gama ƙwayar cutar cikin ƙasa ta ke zaune. Na uku, wuƙa kayan aiki ce ta daji da gona. Dutse ta zama babban birnin Jihar Jigawa tun 1991, gari ya cika da jama'a da ma'aikatan tsaro, wanda aka kama yana yawo da wuƙa a ƙugu cikin taro ko wurin biki ya jawo wa kansa tuhuma. In ka shigo gari ka sa ta cikin jaka. Mai shiga jirgin sama, ko alhaji ne, ba a barinsa ya riƙe wuƙa cikin kayan hannu. Mai saurin fushi kuwa, ina roƙonsa ya bar tasa a gida, gama fushin minti ɗaya ya kan jawo nadamar da ba ta ƙarewa.

Iyakar abin da na zo da shi ke nan. Wanda ya ji, ya gaya wa wanda bai zo ba. Allah ya kiyaye mu a gida da daji, ya kai kowa gidansa lafiya. Amin.