Ƙwayar Mustad da Itacen Al'ul: Lacca a Kan Girman Mulkin Allah



Batun da aka ɗora mini shi ne yadda Mulkin Allah yake girma daga ƙanƙanin mafari a koyarwar Kirista. Sau da yawa idan aka yi wa'azi a kansa, ana mayar da shi maganar lallashi: ka yi haƙuri, yau kana ƙarami, gobe za ka zama babba. A ganina wannan fahimta ta tsaya a rabin hanya. Abin da nake so in kare a gabanku shi ne, ƙanƙanta a koyarwar Yesu Almasihu hali ce ta Mulkin kansa, ita ce hanyar da yake bi daga farkonsa har ƙarshensa. Ikilisiyar da ta ɗauki ƙanƙanta a matsayin ƙuruciya, wadda ake girma a bar ta a baya, ta yi wa misalin Ubangijinta gurguwar fahimta.

Misalin ƙwayar mustad ya zo a Bishara uku: Matiyu sura 13, Markus sura 4, da Luka sura 13. Mutum ya ɗauki ƙwayar da ba ta kai ta gero girma ba, ya jefa a ƙasa, ta tsiro, ta yi rassa, har tsuntsaye suka sami mafaka. Wanda ya ji wannan a yau zai ce labari ne mai daɗi. Amma Bayahuden Galili da ya ji shi daga bakin Yesu ya san littattafan annabawa, ya kuma san cewa itacen da tsuntsaye suke sheƙa a rassansa tsohuwar alama ce ta babbar daula. A Ezekiyel sura 31 an kwatanta Assuriya da itacen al'ul na Lebanon. A Daniyel sura 4 Nebukadnezzar, sarkin Babila, ya yi mafarkin kansa kamar itacen da ya kai sama. A Ezekiyel sura 17 ma, Allah ya yi alkawarin dasa wa Isra'ila reshen al'ul a kan dutse mai tsawo. Mutanen da suke zaune a ƙarƙashin harajin Roma da sojojinta, al'ul suke jira. Sai Yesu ya riƙe tsuntsayen annabawa, ya ajiye al'ul ɗin, ya sa mustad a wurinsa, tsiron lambu da ke fitowa a shekara guda, wanda a gefen Tekun Galili iyakarsa ya ɗara tsayin mutum, ya kai mita biyu ko uku. Markus ya faɗi abin ba ƙari: ya fi sauran ganyayen lambu girma. Ko bayan ya gama girma, da ganyayen lambu ake gwada shi. Daga nan hujjata ta taso. Da Yesu yana nufin Mulkin Allah zai fara ƙarami sa'an nan ya zama daula irin daulolin duniya, da al'ul ya ishe shi misali, domin shi ma daga ƙaramin iri yake fitowa.

Matiyu da Luka sun bi wannan misali da na yisti, wanda mace ta cuɗa cikin mudu uku na gari, garin da masana suka ce burodinsa zai ciyar da mutum ɗari ko fiye. Wannan ma zaɓi ne mai ban mamaki, gama a al'adar Yahudawa yisti abu ne da ake sharewa daga gida kafin Idin Ƙetarewa, kuma galibi ana buga misali da shi a kan ɓarna. Duk wanda ya taɓa kallon mai waina tana haɗa ƙullu da dare ya san abin da ake nufi. Ta zuba ɗan abin tashi, ta juya, ta rufe roba da faifai, ta kwanta. Da asuba ta buɗe, ƙullu ya kumbura, ya yi ƙananan idanu, ƙanshinsa ya sake. In ka ce ta nuna maka inda yistin yake, ba za ta iya ba, domin ya ɓace cikin abin da ya canza. Sai misali na uku, wanda Markus kaɗai ya kawo: manomi ya yafa iri, yana barci yana tashi, irin yana tsirowa, shi kuwa bai san ta yaya ba. Manzo Bulus ya bi wannan layi a wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa, inda ya ba kansa aikin shuka, ya ba Afolos aikin ban ruwa, ya bar girma a hannun Allah.

Akwai masu cewa ai mustad ba ita ce mafi ƙanƙantar iri a duniya ba, kuma gaskiyarsu ne, akwai furannin da irinsu kamar ƙura yake. Yesu da manoma yake magana, a kan irin da suke shukawa da hannunsu, kuma ƙanƙantar mustad karin magana ce a bakin Yahudawa. Ba zan ɓata muku lokaci a kan wannan ba.

Ƙalubalen da ya fi nauyi na tarihi ne. Mai suka zai ce, ku bar zancen ƙwaya, takobin sarki ne ya yaɗa addininku. Sarki Konstantin ya ba Kirista 'yanci a shekarar 313, Sarki Tiyodosiyus ya mayar da Kiristanci addinin daular Roma a 380, daga baya kuma jiragen Turawan mulkin mallaka suka kai shi sauran duniya. Wannan magana tana da gaskiya a cikinta, kuma Kirista mai mutunci ba zai ɓoye ta ba. Sarki Sharliman ya yi wa ƙabilar Sakson baftisma da ƙarfin yaƙi a ƙarni na takwas. An yi yaƙe-yaƙen 'yan Salibiyya. An yi wa mutanen nahiyar Amurka ta'asa da gicciye a gaban runduna. Abin da zan ce shi ne, misalin mustad bai wanke waɗannan ayyuka ba, shi ne ma shaida na farko da zai tsaya a kansu ranar shari'a. Amma sukar ta tsallake shekaru kusan 280 da suka wuce kafin Konstantin, kuma a cikinsu ne amsar take. Littafin Ayyukan Manzanni ya ce masu bi da suka taru a Urushalima bayan tafiyar Yesu kimanin 120 ne. Wajen shekarar 112, Filini, gwamnan Bitiniya, ya rubuta wa Sarki Tirajan yana neman shawara, domin abin ya bazu daga birane har ƙauyuka. A 303 Sarki Diyokiletiyan ya ƙaddamar da tsanani mafi muni, aka rushe majami'u, aka ƙone littattafai. Ba a tayar da dukan ƙarfin daula a kan abin da bai riga ya kafu ba.

Masanin zamantakewa Rodney Stark, a littafinsa na 1996 kan bunƙasar Kiristanci, ya yi wani lissafi da ya kamata kowane ɗalibin tauhidi ya riƙe. Ya ce in aka ɗauka Kirista dubu ɗaya ne a shekara ta 40, suka riƙa ƙaruwa da kashi 40 cikin ɗari a kowace shekara goma, to a shekara ta 100 ba za su kai dubu takwas ba, a 200 za su ɗara dubu ɗari biyu, a 300 kuwa za su kai miliyan shida, kusan kashi goma cikin ɗari na mutanen daular. Ƙiyasi ne, masana suna gardama a kan alkalumansa. Amma ku duba abin da yake nufi a ƙasa: taron mutum talatin ya ƙaru da mutum ɗaya tak a shekara. Dattijon da ya yi shekara arba'in yana jagorar irin wannan taro a ɗakin wani gida a Antakiya zai mutu yana ganin kamar bai yi abin kirki ba. Da yayyafi kogi kan cika. Ta wace hanya kuma mutum ɗayan nan yake shigowa? Ta hanyar maƙwabci, ko mata, ko baiwar gida, ko abokin sana'a. Lokacin annobar da ta auka wa daular a tsakiyar ƙarni na uku, Diyonisiyus, bishop na Iskandariya, ya ba da labarin yadda Kirista suka tsaya jinyar marasa lafiya, da yawansu suka kamu suka mutu. A 362, Sarki Yuliyan, wanda ya yi watsi da Kiristanci yana ƙoƙarin farfaɗo da bautar gumaka, ya yi ƙorafi a wasiƙa cewa Kirista suna ciyar da matalautansu har da na arna. Shaidar maƙiyi ce wannan, shi ya sa take da nauyi.

Game da mulkin mallaka kuwa, ƙasarmu ma tana da abin faɗa. A Disambar 1893 samari uku suka sauka a Legas da niyyar kai Bishara cikin yankin da a lokacin ake kira Sudan: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare, Gowans ya rasu a Girku, Kent ya rasu a Bida, Bingham kuwa ya sha fama da zazzaɓi, daga baya ya koma gida, ba su tubar da ko mutum ɗaya ba. Sai a 1902 aka kafa tashar farko a Fatigi, kuma daga wannan aiki ikilisiyar ECWA ta fito a 1954. A Garkida, ranar 17 ga Maris 1923, a gindin tsamiya aka yi sujadar farko ta abin da ya zama ikilisiyar EYN. Gwamnatin Turawa ba ta buɗe wa mishan ƙofa ko'ina ba, ta ma hana su shiga yawancin masarautun Musulmi. Waɗanda suka ɗauki aikin a ƙafa su ne masu bishara 'yan ƙasa, manoma da malaman aji, riƙe da Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932, mutanen da yawancin sunayensu ba su shiga kowane littafi ba. Shehin malami Lamin Sanneh, ɗan Gambiya, ya nuna cewa fassara zuwa harsunan gida ce ta fitar da saƙon daga hannun Bature. Kirista a Afirka ba su wuce miliyan goma ba a 1900, a 2000 sun haura miliyan 300, kuma mafi yawan ƙaruwar bayan saukar tutocin Turawa ta zo. A yankin Walaita na Habasha, sojojin Italiya sun kori 'yan mishan a 1937, suka bar masu baftisma da ba su kai hamsin ba. Da suka dawo bayan 'yan shekaru, dubbai suka tarar.

To, kada in ja hujjar ta wuce inda ta tsaya. Yawa ba shaidar gaskiya ba ne. Kowane babban addini da mutane kaɗan ya fara, 'yan'uwanmu Musulmi ma suna da tarihin 'yan tsirarun da suka sha wuya a Makka, kuma akwai aƙidun ɓata da suka yaɗu kamar wutar daji. Haka nan misalin bai yi wa kowace ikilisiya alkawarin ɗorewa ba. Arewacin Afirka da ya haifi manyan malaman ikilisiya Tatuliyan, Sifiriyan da Agustin ya wayi gari ba ikilisiyarsa. Nubiya, a Sudan ta yau, ta yi ɗaruruwan shekaru da sarakuna Kirista a Dongola, yanzu sai kufai da zanen bango. In da Mulkin Allah daidai yake da yawan kujeru da tsayin hasumiya, da sai mu ce ya faɗi a waɗannan wurare. Yesu bai taɓa daidaita su ba. Mulkin da ya yi shela shi ne sarautar Allah a kan zukata da zaman jama'a, inda ake yafe wa mai laifi, a ƙi cin hanci, a riƙe maraya, a faɗi gaskiya ko da za ta jawo hasara. Ikilisiya baiwar wannan Mulki ce, tana iya cika maƙil alhali ƙullun garin da take ciki bai motsa ba.

Wani zai ce, in girma na Allah ne, ashe sai mu naɗe hannu. Manomin da ke cikin misalin Markus ya yi barci ne bayan ya yi shuka, kuma da hatsi ya nuna ya fito da lauje. Abin da aka ɗauke masa shi ne fargaba, da jarabar jan tsiro da hannu don ya yi sauri. Wannan jaraba ce nake gani a tsakaninmu, kuma ita ta fi damuna. Muna auna fasto da girman ginin da ya yi da yawan baikon da ya tara. Muna raina wanda aka tura ƙauye, har shi ma yana ɗaukar turawar kamar horo. Muna neman inuwar masu mulki, muna kiran hakan ci gaban Bishara, alhali tarihin da na karanto muku ya nuna inda wannan hanya take kaiwa. Wanda muke bi an haife shi a ƙasar da ke ƙarƙashin mamaya, ya girma a Nazarat da ba a zaton alheri daga cikinta, ya zaɓi mutum goma sha biyu, ɗaya ya bashe shi, ɗaya ya yi musunsa, ya mutu a kan gicciye tsakanin 'yan fashi biyu. A Yohanna sura 12 ya kwatanta kansa da ƙwayar alkama da sai ta faɗi ƙasa ta mutu kafin ta ba da 'ya'ya.

Saboda haka ina roƙon shugabanninmu da ke zaune a nan, idan kuka zo duba rahoton shekara, ku tambayi abin da ya canza a unguwa kafin ku tambayi adadin da ya ƙaru. Ku biya mai bisharar ƙauye haƙƙinsa a kan kari, ku kai masa ziyara. Ku kuma ɗalibai da za a tura nan ba da daɗewa ba, in aka ba ku majami'ar jinka mai mutum ashirin, da ajin Lahadi na yara bakwai, da zumuntar mata da ba ta cika benci biyu ba, ku karɓa da hannu biyu, ku zauna a cikinsu, ku koyi harshensu, ku yi aikin.