Yunwar Ciki da Begen Zuciya: Jawabin Bikin Yaye Ɗaliban Makarantar Littafi Mai Tsarki a Yamai

 

Zan yi magana a kan yunwa, kuma na san a ƙasar nan ba a ɗaukar zancenta da wasa. Kakanninmu sun sha yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914. Farin 1973 ya share garkunan makiyaya, har ya tafi da gwamnati, domin yadda aka yi da abincin taimako yana cikin dalilan da Seyni Kountché ya bayar da ya kifar da Diori Hamani ranar 15 ga Afrilu 1974. Aka sake shan wuya a 1984. A 2005 kuwa, bayan fara ta sauka kuma ruwa ya ɗauke da wuri, mata sun koma jiƙa 'ya'yan anza kwana da kwanaki don a cire ɗacinsu, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF kuma suka yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tamowa mai tsanani. Abin da ya fi ciwo shi ne hatsi bai ƙare a kasuwa ba a shekarar, kuɗin tiya ne ya fi ƙarfin talaka. Duk wanda zai hau bagadi a gaban mutanen da suka ga wannan ya ce yunwa tana da ma'ana ta ruhaniya, sai ya auna bakinsa.

To, ma'anar tana nan, amma sai an rarrabe abu biyu. Akwai yunwar da ke kashe yaro a bayan uwarsa. Wannan ɓarna ce, fari da tsada da ɓoye hatsi da sakacin masu iko suke haɗuwa su haife ta, kuma aikin ikilisiya a kanta shi ne yaƙi. Akwai kuma yunwar da ke tashin kowa da safe, sarki da bafade, ko da daren jiya ya ci ya yi nak. Wannan tana cikin halittarmu. A Littafin Farawa an ba mutum abinci tun bai yi zunubi ba, ke nan buƙatar ci ta girmi faɗuwar Adamu. Allah ya yi mu masu karɓa, ba wanda yake ɗauke da ransa a cikin kansa. A jeji, cikin Fitowa sura 16, an ba Isra'ilawa manna ta yini guda, wanda ya ajiye don gobe ya tarar ta yi tsutsa, ban da jajiberin Asabar. Addu'ar da Ubangiji ya koya wa almajiransa ma abincin yini take roƙo. Cikinmu yana maimaita mana kullum abin da girman kai yake so mu manta, cewa rai kyauta ne daga hannun wani.

Daga nan ne begen zuciya yake shigowa. Ciki yakan cika ya yi shiru na ɗan lokaci, zuciya kuwa ko an ba ta abin da ta nema sai ta miƙa hannu gaba. Mai takarda yana son aiki, mai aiki yana son fili a Yamai, wanda ya gina gidan kuma yana kwance cikinsa barci ya ƙi zuwa. Littafin Mai Wa'azi labarin mutum ne da ya gwada dukiya da ilimi da nishaɗi, bai samu inda zai tsaya ba. Agustin, ɗan Afirka ta Arewa da aka haifa a shekara ta 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, maƙwabciyarmu ta arewa, ya bi wannan hanya da ƙafarsa kafin ya zama bishop na Hippo, ya kuma koyar cewa rashin natsuwar nan alama ce ta cewa don Allah aka yi mu. Yohanna sura 6 ta haɗa yunwar biyu wuri ɗaya. Yesu ya ciyar da mutum 5,000 da gurasa biyar da kifi biyu, har aka kwashe kwando 12. Taron ya so naɗa shi sarki, ya janye zuwa dutse. Washegari suka bi shi Kafarnahum, a nan ya faɗa musu a fili cewa gurasar jiya ce ta kawo su, sa'an nan ya miƙa musu kansa a matsayin abincin da ba ya lalacewa. Da yawa suka juya baya.

Mai shakka zai ce buri ba hujja ba ne. Bajamushe Ludwig Feuerbach ya yi wannan gardama a 1841, cewa mutum ne yake tattara abin da yake marmari ya ɗora a sama ya kira shi Allah. A ba shi gaskiyarsa: matafiyi yana iya mutuwa da ƙishi a hamadar Tenere, ƙishin bai tona masa rijiya ba. Amma ƙishin ya nuna jikinsa don ruwa aka yi shi, kuma zai zama abin mamaki a ce begen da ya fi kowane zurfi a cikin ɗan Adam shi kaɗai ne ba shi da abin da zai kashe shi. Ban da haka, in da son zuciyarmu ne ya ƙera Allah, da ba mu ƙera wanda ya hau gicciye ba, balle wanda yake umartar mu da ƙaunar maƙiyi. Bayan ƙone majami'u a Damagaram da nan Yamai cikin Janairun 2015, shugabannin ikilisiya sun fito sun yi shelar gafara. Son rai ba ya kai mutum can.

Gardama ta biyu ta fi nauyi a wurinmu. Karl Marx da magoya bayansa sun ce addini yana sa talaka barci, ana yi masa alkawarin tuwon sama don ya haƙura da tukunyar da ba a ɗora ba. Inda ikilisiya ta yi haka, zargin ya kama ta. Sai dai ba haka Ubangiji ya yi ba: ya ƙi mai da duwatsu gurasa don kansa, amma bai yarda a sallami taro da yunwa ba, kuma sai da suka ci ya yi musu zancen gurasar rai. Da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wasiƙar Yaƙub ta tsauta wa mai sallamar mayunwaci da fatan alheri kawai, kuma da yunwa ta zo a zamanin Kalaudiyas, masu bi na Antakiya gudummawa suka tara suka aika Yahudiya. A ƙasarmu ma akwai shaida. Asibitin mishan na Galmi yana aiki tun 1950. A 1983 Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya da ke aiki da ƙungiyar mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura cewa kututturan da ake sarewa a gonaki suna da rai a ƙarƙashin ƙasa, manoma suka ɗauki sassabin zamani, wato barin kututturan su sake tsiro, suka yaɗa shi da hannunsu, har aka ƙiyasta itatuwa miliyan 200 a hekta miliyan 5. Yawancin manoman nan Musulmi ne, ba kuma wanda ya tambaye su addininsu kafin a kama aiki.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake tsoro dominku, ƙannena da ake yayewa. Mai yunwa yana da sauƙin saye. Za ku je garuruwan da buhun hatsi cikin watan Yuli zai iya cika muku benci, za ku kuma ga masu wa'azin da ke karɓar kuɗin cefanen gwauruwa da alkawarin za a ninka mata. Dukansu ciniki ne da buƙatar mutum, kuma Yesu ya guje wa sarautar da aka so ba shi don gurasa. Inda aka tura ku, ku zauna da dattawa tun da kaka, hatsi yana da araha, a kafa rumbun ikilisiya. A rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, a karanta a gaban jama'a, mabuɗin kuma kada ya zauna hannun fasto shi kaɗai. In lokacin rabo ya yi, a fara da gidan da ya fi buƙata, ko na wane ne, ba tare da sharaɗin zuwa sujada ba. Wanda ya tambaye ku dalili, sai ku buɗe masa Littafin.

Mai girma shugaba, ina taya makaranta da iyalan ɗalibai murna. Ubangiji ya kai kowa gida lafiya.