Saƙon da Hanji Yake Aika wa Fankiriyas



Idan malami ya taso daga makaranta a Wara ya ci tuwon shinkafa da miyar kifi, da zarar abincin ya gangara ƙaramin hanji sai hanjin ya saki wani sinadari cikin jini. Sunansa sikiritin, Bayliss da Starling suka gano shi a Landan a 1902. Shi ne ɗan aike zuwa fankiriyas, tsokar da ke kwance bayan tumbi. Da isarsa sai hanyoyin jininta su buɗe, ta zubo ruwan da ke kashe tsamin abincin.

Cikinta kuma akwai ƙwayoyin da ke yin insulin. Ba su wuce kashi 2 cikin 100 na nauyinta ba, amma rabonsu na jini ya ninka haka, domin ta jinin suke gane yawan sukari. In suka gaza sai ciwon sukari, wanda yakan daɗe bai bayyana ba.

Don haka duk wanda ya haura shekara 40, ko yake fama da ƙishirwa da yawan fitsarin dare, ya je a gwada jininsa.