Gwajin Maganin Ciwon Daji: Kada Mu Yi Cinikin Biri A Sama

Mai girma shugaba, malamanmu, iyayenmu maza da mata, 'yan'uwa mazauna Jekadafari.

Duk maganin asibiti da muke sha, sai da aka gwada shi a kan mutane kafin ya shigo kasuwa. Na ciwon daji ma haka ne. To amma akasarin wannan gwaji a Amurka da Turai ake yinsa, mu kuwa sai dai a kawo mana maganin da tsada. Me ya hana shi zuwa garuruwanmu?

Na farko tsoro, kuma tsoron da dalilinsa. A shekarar 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano. Yara 200 aka sa a ciki, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba. Sai a 2009 aka sasanta da gwamnatin Kano a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, ko tsumma ya gani sai ya gudu.

Na biyu jinkiri. Mace ta ji ƙullutu a mama, sai a ce jifa ne, a yi ta shafe-shafe, sai abu ya ci jiki sannan a nufi Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe. Gwaji da yawa kuwa ba sa karɓar wanda ciwo ya riga ya kwantar.

Na uku aljihu. Mai gwaji yana son a yi ta dawowa wata da watanni. Wa zai biya kuɗin mota? Wa zai tsare rumfa?

Jama'a, mu 'yan kasuwa ne, ba ma sayen kaya sai mun kwance ɗauri. In likita ya zo da maganar gwaji, kada mu kore shi, kada kuma mu dangwala hannu a makance. Mu tambaya: NAFDAC ta yarda? Kwamitin asibiti mai kare haƙƙin majiyyata ya duba? In an samu illa, wa zai ɗauki nauyi? A karanta mana takardar da Hausa, gaban shaida. In mace ce, ita za a tambaya da bakinta, yardar maigida kaɗai ba ta wadatar ba. Kuma ƙa'idar da Nijeriya ta fitar a 2007 ta ba mutum damar fita duk ranar da ya so.

Ina roƙon ƙungiya ta gayyato likita ya zauna da mu, da zama na musamman domin mata. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.